Wanda ya yi sauri a Plitvice bai ga Plitvice ba

Ƙanina da ke karatu a Hangari ya kira ni shekaranjiya, ya ce shi da abokansa za su tsallaka Kuroshiya hutun ƙarshen zango, suna so su ga tafkunan nan na Plitvice da hotunansu suka cika intanet. Tambayarsa ɗaya ce: Yaya, in biya kuɗin ɗan jagora ko in bar kuɗina a aljihu, tunda an ce hanyoyin duk da alama a jikinsu? Na fara ba shi amsa a waya, maganar ta yi tsawo har katinsa ya kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, shi ya karanta, wani ma da ke da niyya ya amfana.

Sau biyu na je wurin, amma a zuciyata sau ɗaya na gan shi.

Ga wanda bai san wurin ba, Plitvice gandun daji ne na ƙasa a yankin tsaunukan Lika, tafiyar kamar awa 2 a mota daga Zagreb, babban birnin ƙasar. An ayyana shi gandun ƙasa a 1949, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya a 1979. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 300, yawanci kurmi ne mai duhu inda har yanzu akwai beyar da kyarkeci. Abin da ke kawo mutane shi ne tafkuna 16 da ke jere ɗaya a kan ɗaya kamar matakala, 12 a sama, 4 a ƙasa cikin wani kwazazzabo, kowanne yana zubar da ruwansa cikin na ƙasa da shi. Daga tafkin farko zuwa na ƙarshe ruwan yana gangarowa mita 133. Ba a shiga da mota. Da ƙafa ake bi, a kan siraran gadojin katako da aka shimfiɗa dab da fuskar ruwa, sai jirgin ruwa mai aiki da lantarki a kan babban tafkin, sai wata doguwar mota mai tarago da ke maido da waɗanda suka gaji.

Zuwana na farko a watan Agusta ne, daga Split, wani birni na Kuroshiya a bakin teku, da ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu sayar da yawon yini ɗaya. Kusan awa 3 zuwa, awa 3 dawowa. Mun fi mutum arba'in a motar. Jagoranmu yana gaba da 'yar tuta a hannu, abin da na fi ji daga bakinsa shi ne a matsa gaba, a matsa gaba. A kan gadar katako ba ka da ikon tsayawa, domin na bayanka yana taka maka dunduniya, na gabanka kuma ya tsaya cak yana gyara hula zai ɗauki hoto. Mun yi layin jirgi wanda ya cinye mana lokaci fiye da tafiyar jirgin kanta. Da yamma na koma masauki da hotuna fal waya, ƙafa tana ciwo, kuma da wani ya tambaye ni me ya sa ruwan wurin yake haka, ko me ya tare tafkunan har suka jeru, da ban iya cewa uffan ba. Na ji haushi ƙwarai, don na san an kai ni bakin wani babban abu an dawo da ni ban fahimce shi ba.

Zuwa na biyu a watan Oktoba ne, ni da maiɗakina. Muka kwana a wani ƙauye kusa da gandun, muka shiga da sassafe, mu shida kacal, tare da wata jagora 'yar asalin yankin, mace mai kimanin shekara hamsin. Ba mu yi minti ashirin da fara tafiya ba ta tsayar da mu a gefen wata 'yar magangara da babu wanda ke ɗaukar hotonta, ta ce mu durƙusa mu duba gansakukar da ruwa ke bi ta kanta. Samanta kore shar, mai laushi. Ƙasanta kuwa ya zama dutse, amma da siffar ganyen har yanzu a jikinsa.

A nan ne wurin ya buɗe mini. Duwatsun yankin irin dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake yin siminti da shi. Ruwan sama yana ratsa su, yana narkar da su kaɗan-kaɗan, ya fito ɗauke da sinadarin a cikinsa ido ba ya gani. Duk inda ruwan ya faɗo ya fantsama, iskar da ke riƙe da sinadarin sai ta fice, shi kuma ya kwanta a kan duk abin da ya samu: gansakuka, ƙananan tsirran ruwa, reshen da ya karye. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a ciki ya san abin da nake nufi. Gansakukar tana tsirowa sama don ta samu haske, ƙasanta yana daskarewa, ta ƙara tsirowa, ya ƙara daskarewa. A haka katangar ke tashi, wajen santimita 1 a shekara. Katangun da ke riƙe da tafkunan yau sun ɗauki shekara 6,000 zuwa 7,000 suna ginuwa. Mu mun saba ruwa shi ke cin ƙasa, ya yi zaizaya, ya rushe gini. A nan ruwa ne magini, leburorinsa kuwa ciyayin da ba su kai tsawon yatsa ba. Na tsaya ina kallo, babu abin da ya zo bakina sai Subhanallah. A zuwana na farko na taka ta kan wannan wurin, ina kallon ƙeyar mutumin da ke gabana.

Sai jirgi. Tafkin Kozjak shi ne mafi girma kuma mafi zurfi, zurfinsa ya kai mita 47, shi ne kuma ya raba tafkunan sama da na ƙasa. Tsallaka shi ta tsawo kamar minti 20 ne. Jirgin ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya barin mai a kan ruwa, kana jin kukan tsuntsu daga gaɓa. Yawancin mutane suna ɗaukar wannan tafiyar lokacin hutu ne, su miƙe ƙafa su duba waya. Ita kuwa ta ce mu tashi mu leƙa ƙasa. A tsakiyar tafkin akwai wata katanga a nutse, ana hango ta fara-fara a ƙarƙashin ruwan. Kimanin shekara 400 da suka wuce Kozjak tafki biyu ne, da magangara a tsakaninsu. Katangar da ke can ƙasa ta fi ta tsakiya saurin girma, ruwa ya taso ya shanye magangarar, biyu suka zama ɗaya. Wato jirginmu yana shawagi ne a kan magangarar da mutanen da can suka taɓa jin rugugin ta. Babu allon da zai tsayar da kai a tsakiyar ruwa ya nuna maka wannan. Sai mutum.

To a nan nake so in tsaya kan maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai, har da ƙanina. Ba a wanka a Plitvice. An hana tun 2006. Ba a sauka daga kan gada, ba a jefa wa kifi burodi, ba a tsinkar ko ganye. Na ji mutane, cikinsu har da namu, suna cewa wannan ai rowa ce, ka biya kuɗi mai yawa a nuna maka ruwa garai-garai cikin zafi a ce kada ka taɓa. Wani abokina ya ce mini ai a Yankari mutum yana shiga Wikki ya yi iyo son ransa, babu abin da ya samu ruwan. Na fahimce shi, ni ma na yi wanka a Wikki kuma ina ƙaunar wurin. Amma Wikki maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse ta wuce abinta. Plitvice kuwa katangunsa suna da rai, suna kan girma, kuma saman su gautsi gare shi, ƙafa ɗaya tana iya murƙushe aikin shekaru. Ginin yana tafiya ne muddin ruwan yana da tsabta. Idan datti ya yi yawa, da man shafawa da gumi da sabulu, kwanciyar sinadarin tana raguwa. A 2017 mutum kimanin miliyan 1.7 suka shiga gandun. A ce ko kashi ɗaya cikin goma sun tsoma jiki. Ni dai ina bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Gandun Krka ma, wani gandun ƙasa mai magangaru a Kuroshiya, wanda aka daɗe ana tallata shi da cewa can ana iyo, ya hana wanka a babbar magangararsa tun 2021.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska da ba kowane jagora zai tuna ba: alwala. Da azahar ta yi, zuciya za ta raya maka ga ruwa nan a gabanka. Ka daure. Akwai banɗaki da famfo a ƙofofin shiga da kuma babbar matsayar jirgi, inda ake da fili da bencina. Can muka yi alwala, muka samu gefe a kan ciyawa muka yi salla, jagorarmu ta jira mu ba tare da ta nuna ƙosawa ba. A rukunin mutum arba'in wannan ba zai yiwu ba, motar ba za ta jira ka ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan 'yan yawon buɗe ido. A shekarun baya an yi ta gina gidajen haya da masaukai a ƙauyukan da ke cikin iyakar gandun, ba tare da isasshen tsarin kwashe ƙazantar ruwa ba, a ƙasar da dutsenta duk ƙofofi ne, abin da ka zuba a nan sai ya ɓulla a can. Har UNESCO ta nuna damuwa a fili a kan haka. Wanda ya gina masauki a saman maɓuɓɓuga ya fi yaron da ya tsoma ƙafa ɓarna nesa ba kusa ba. Daga 2019 aka koma sayar da tikiti ta intanet da ƙayyade yawan masu shiga a kowace awa. Ya rage cunkoso, ko da yake Yuli da Agusta har yanzu sai haƙuri.

Akwai kuma abin da hotuna ba sa faɗa. A wannan gandun ne, ranar 31 ga Maris 1991, ranar Ista, aka yi arangama tsakanin 'yan sandan Kuroshiya da mayaƙan Sabiyawa, aka kashe wani matashin ɗan sanda mai suna Josip Jović, wanda Kuroshiyawa ke ɗauka mutum na farko da ya faɗi a yaƙin ɓallewarsu daga Yugoslabiya. Gandun ya fita daga hannun gwamnatin Zagreb har zuwa Agustan 1995, kuma daga 1992 zuwa 1997 yana cikin jerin wuraren gado da ke cikin haɗari. Jagorarmu tana budurwa a lokacin. Ba ta yi dogon bayani ba, ta dai ce danginta sun bar gidansu shekara huɗu, da suka dawo ba su tarar da rufi ba. Daga nan ta yi shiru muka ci gaba da tafiya. Tun daga lokacin na daina kallon wurin kamar wani lambun shaƙatawa da aka ajiye don baƙi.

Wani abu da ya taɓa ni, ko da yake tatsuniya ce: mutanen yankin suna cewa an taɓa yin fari mai tsanani, jama'a suka fita suna roƙon ruwa, sai wata Baƙar Sarauniya ta ji tausayinsu, aka yi ta sheƙa ruwa har tafkunan suka cika. Suna danganta sunan tafkin farko, Prošćansko, da kalmarsu ta roƙo. Mu mun san Wanda ake roƙo. Amma ɗan ƙasar da ya taɓa fita sallar roƙon ruwa da yara da dabbobi ba zai ji wannan labarin ya wuce shi haka kawai ba.

Don haka ƙanina, ga amsarka. Doka ba ta tilasta maka ɗaukar jagora ba, hanyoyin suna da haruffa, ba za ka ɓata ba. Tikiti ya haɗa da jirgi da motar tarago; farashinsa kusan Yuro 40 ne a tsakiyar lokacin zafi, ya sauko zuwa Yuro 10 a hunturu. Na san aljihun ɗalibi. Amma idan ku shida ne ko bakwai, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jagora na ku kaɗai, ko da na rabin yini ne. Kafin ka biya kowa, tambaye shi abu biyu: mu nawa ne, kuma awa nawa za mu yi a cikin gandun, ban da zaman mota. In ya ce awa uku kuma kun haura talatin, riƙe kuɗinka, gara ku shiga ku kaɗai ku yi tafiyarku a hankali. Ku kwana kusa, ku kasance a ƙofa lokacin buɗewa. Ku bi hanyar C daga ƙofa ta 1, wajen kilomita 8 ce, awa 4 zuwa 6, tana haɗa tafkunan ƙasa da jirgi da tafkunan sama. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, katakon yana santsi idan ya jiƙe, kuma babu makari a gefen yawancin gadojin. Kada wanda ya hau gefen dutse don hoto, an rasa rayuka a haka. Ku tafi da guzurinku, don naman alade ya yawaita a abincin yankin, in ba haka ba ku nemi kifi.

Idan kun isa babbar magangara, Veliki slap, mai tsawon mita 78, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar, za ku tarar kowa ya taru a nan. Ku kalle ta, ta cancanta. Amma ruwanta ba daga tafkunan yake ba, wani rafi ne dabam mai suna Plitvica ke faɗowa daga saman dutse, ya haɗu da ruwan tafkunan a ƙasa su zama kogin Korana. Daga nan ku koma kan gada ku nemi ɗaya daga cikin bishiyoyin da suka faɗa ruwa aka bar su a inda suke. Za ku gan ta kwance a ƙasan tafki, ta yi fari fat tun daga gindi har rassa, kifaye suna ratsawa ta tsakaninsu. Ka ɗauko mini hoton wannan, nawa bai fito da kyau ba.