Tiyatar kyauta: bayan an ɗauki hoto, wa ke sauraren mai ciwo?

Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai rediyo ta cika da sanarwar aikin gwaiwa da ƙaba kyauta, ɗan takara wane ya ɗauki nauyi. A tara majinyata a asibitin ƙaramar hukuma, a yi aiki ba dare ba rana, a ɗauki hoto, likitocin da aka gayyato su koma inda suka fito. Yawan waɗanda aka yanka ake ƙirgawa. Ba mai dawowa ya tambayi nawa ne suka iya komawa gona.

Bincike ya daɗe da nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 da aka yi wa aikin ƙaba yakan ci gaba da jin ciwo a matsematsi bayan rauni ya warke. Akwai ƙananan jijiyoyi a wurin masu kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Wuƙa kan yanke su, zaren ɗinki ko ragar da ake sawa don toshe ƙabar ta danne su, ko tabo ya shaƙe su. Ciwon daban yake da na miki: ƙuna, da fizga kamar an jona wa mutum lantarki, wani ko wando ya gogi wurin sai ya zabura. Matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, da waɗanda aka cire wa nono ko ƙafa, sun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbi a kundin cututtuka na ICD-11 da ya fara aiki a 2022, muddin ya wuce wata 3 bayan tiyata.

Mu kuwa me muke ce wa mai shi? "Ai ɗinki ya kame, sai haƙuri." Ko a ce sammu ne. Bawan Allah ya nufi kemis, a ɗora shi kan diclofenac, wadda ba ta yi wa ciwon jijiya wani abin kirki sai dai ta illata ciki da ƙoda. Daga nan sai tramol. Gobe a kira shi ɗan ƙwaya.

Masu cewa ba a raina kyauta, ba su ne ke kwana suna juyi ba.

Abin haushin, magani na nan. Likita kan rubuta amitriptyline, mai arha ce, ko gabapentin. Akwai allurar kwantar da jijiyar, akwai motsa jiki, wani lokaci a sake buɗewa a gyara. Da yawa ciwon na raguwa a hankali cikin watanni. Sai dai duk wannan na buƙatar likitan da zai sake ganin majinyacin. Ma'aikatun lafiya na jihohi su daina ba da izinin irin wannan gangami sai mai ɗaukar nauyin ya biya kuɗin bibiya tun kafin a ɗaga wuƙa.