Sanfish ɗan ruwa biyu ba alfadari ba ne

Yana ba ni haushi in ji masu kamun kifi a tafkunan Amurka suna cewa sanfish (wani ƙaramin kifi na can) ɗan ruwa biyu ba ya haihuwa, wai kamar alfadari. Suna da hujja: idan aka zuba irin da aka haɗa tsakanin nau'o'in sanfish biyu, bulugil da koren sanfish, a kududdufi, ba ya yaɗuwa sosai. Amma ba juya ba ne. Galibin 'ya'yan maza ne, shi ya sa. 'Yan tsirarun matan da ke ciki kuwa suna zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe. Don haka in ƙugiyarka ta kamo mai faɗin jikin bulugil, ga baki wangame, gefen fikafikansa ruwan lemo, wataƙila ma jikan bulugil da koren sanfish ne, ba ɗansu ba.