Ko a Ƙasar Wasa Ma Sai Mai Sola Ke Zama Gwamna

Ranar Laraba da daddare aka hana ni tsayawa takarar gwamna. Kafin wani ya tambaye ni wace jam'iyya, bari in faɗa: jihar da nake nema ba ta da ƙasa ko taku ɗaya, ba ta da gidan gwamnati, ba ta da jiniya. A cikin waya take. Amma wulaƙancin da aka yi min na gaske ne, har yanzu yana tsaye min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

A 2020 muka kafa ƙasar nan, lokacin kullen korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a da ya cinye wata tara. Samari na zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Wani daga cikinmu ya ce, kullum muna teburin mai shayi muna zagin 'yan siyasa, to mu buɗe guruf mu kafa tamu ƙasar, mu ga ko mu za mu iya. Mu goma sha huɗu ne a daren farko. Muka yi shugaban ƙasa, majalisa, kotu, hukumar zaɓe, da gwamnoni shida, kowace shiyya ɗaya. Wa'adin mulki wata uku. Rabin tsarin mulkin da hannuna na rubuta shi, a bayan tsoffin takardun jarrabawar ɗalibaina. Shafi huɗu ne kacal, kuma layin farko cewa yake duk ɗan ƙasa yana da damar ya zaɓa a kuma zaɓe shi. Yau tsarin mulkin nan ya kai shafi arba'in da ɗaya, layin farkon yana nan ba a taɓa shi ba, sauran shafi arba'in ɗin kuwa duk bayanin yadda za a hana ka cin moriyarsa ne.

Babu irin haƙurin da ban yi ba. Na yi kansila, na yi ɗan majalisa sau uku, na yi ministan ruwa, ma'aikatar da ake ba wanda ake so ya yi shiru. Ina nan adimin ya yi juyin mulki, ya cire zaɓaɓɓen shugaba daga guruf da dannawa ɗaya, ya sa hoton soja a fuskar lambarsa, ya kulle bakin kowa na kwana uku. Ina nan aka yi zaɓen da masu rajista 214 suka kaɗa ƙuri'a 260, domin akwai masu layi uku-uku, kowane layi da sunansa da ra'ayinsa. Ina nan fom ya tashi daga kyauta ya koma kuɗin wasa, daga kuɗin wasa ya koma katin waya na gaske, wai don “gudanar da hukuma”. Wace hukuma? Hukumar da ofishinta ke cikin aljihun wandon yaro guda. A watan Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, 'yan majalisarmu biyu na Gusau suka ɓace ba da son ransu ba. Ko jaje ba a yi musu ba, aka ce sun yi watsi da kujerunsu, aka raba wa wasu. Tun ranar ya kamata in gane inda aka dosa.

To ga abin da ya faru. Taransifomar unguwarmu ta ƙone ranar Juma'a. Ba sai na yi wa kowa bayanin abin da ke biyo baya ba: karo-karo, kwamiti, “injiniya na hanya”. Mai cajin bakin layinmu ya rufe shago ya ce fetur ya fi ƙarfin naira ɗari biyun da muke ba shi. Waya ta mutu ranar Asabar. Sai Talata da yamma na samu na sa ta a caji a shagon wani mai walda, ina tsaye a kanta kamar mai jinya. Tana kawowa na ga saƙo dubu da wani abu. Washegari aka fitar da jerin 'yan takara, na duba shiyyarmu, suna ɗaya ne, kuma ba nawa ba.

Na yi wa shugaban hukumar zaɓe sallama da ƙarfe tara da kwata. Yaron nan ƙanen abokina ne. Ni na sa shi a guruf ɗin, ni na koya masa bambancin ƙudiri da doka. Yana aji uku na sakandare nake aikensa sayo min ƙosai ya riƙe canji. Saƙo ya nuna an karanta. Shiru. “Yana rubutu” ya fito, ya ɓace. Ya sake fitowa, ya sake ɓacewa. Minti ashirin da biyar ina kallon allo, cajina na zuba kamar ruwa a kwando. Can sai ga amsa.

“Wa'alaikumus salam. Wa ke magana?”

Wa ke magana! Na ce, “Ni ne, yayanka Malam. Na duba jerin 'yan takara ban ga sunana ba, na ce ko mantuwa aka yi.”

Ya ce, “A wannan layin babu yaya babu ƙane. Kana magana ne da Ciyaman na Hukumar Zaɓe. A gyara lafazi.”

Na ajiye wayar a kan tabarma na kalli rufin ɗaki. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya ƙalau, gwamnati nake magana da ita. Na ɗauka na rubuta, “Allah ya ja zamanin Ciyaman, Allah ya ƙara wa hukuma lafiya. Talakanka ne yake neman sanin laifinsa.” Na ɗauka zai gane gatse ne ya ji kunya. Ina! Karɓa ya yi hannu bibbiyu.

“Madalla. Ɗan ƙasa mai lamba 006, an same ka da saɓa wa sashe na 17, ƙaramin sashe na biyu. Duk ɗan takara dole ya amsa kiran suna a kowace awa 48 cikin watan zaɓe. Ka tsallake kira biyu.”

Na ce yaushe aka yi wannan sashen, ni da na san sashe na 17 maganar tutar ƙasa yake yi? Ya ce majalisa ta yi gyara daren Lahadi. Na koma na duba. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka kawo ƙudirin, ƙarfe biyu saura kwata ya zama doka. Mutum tara ne a farke cikin arba'in. Kuma aka ce dokar ta fara aiki tun daga farkon wata, wato na karya ta tun kafin a haife ta.

Na yi masa saƙon murya na minti biyu, cikin ladabi, na faɗa masa batun taransifoma, na faɗa masa batun mai caji, har hoton taransifomar na tura masa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bai saurara ba, na ga alamar ba ta canza launi ba. Ya rubuto:

“Hukuma ba ta da hurumin duba matsalar wutar gidan kowa.”

Kafin in gama haɗiye wannan, ya ɗora da wadda ta hana ni barci:

“Kuma Malam, tsakani da Allah, wanda ya kasa riƙe cajin wayarsa ta yaya zai riƙe jiha?”

Ya biyo ta da sitikar wani jariri yana dariya har da faɗuwa.

Yaron da gidansu faranti takwas na sola ke kan rufi. Yaron da bai taɓa sanin nawa ake sayar da data ba, domin intanet ɗin gidansu ba ya yankewa, baba ke biya. Shi ne yake auna cancantar shugabanci da sandar batir. Na ce to a dawo min da katin naira dubu biyu da na tura na fom. Ya ce kuɗin fom ba a mayarwa, sashe na 22. Na ce zan ɗaukaka ƙara. Ya ce ƙofa a buɗe take, sai dai ƙorafi kan kiran suna ana shigar da shi ne cikin awa 24 da tsallake kiran, nawa lokacin ya wuce tun wayata na mace. Na ce kuma alƙalin alƙalan ai ɗakinku ɗaya a makaranta. Ya ce, “Idan ba ka gamsu ba, ka tafi kotu.” Daga nan hotonsa ya ɓace daga fuskar lambar. Ya toshe ni.

Wanda aka bar wa kujerar ba hamayya kuwa yana karatu a ƙasar waje, inda wuta ba ta ƙiftawa. Rabonsa da shiyyar da zai mulka shekara uku. Amma wajen amsa kiran suna, ai ba a taɓa yin gwarzo irinsa ba.

Abin haushin, ba mu muka ƙirƙiro irin wannan wasa ba, kuma waɗanda suka riga mu ba haka suke yi ba. NationStates tun 2002 ake buga shi, ya yi girman da a 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaske ta rubuta musu cewa su daina amfani da sunanta, suka sauya wa tasu majalisar suna. A can sai ka yi kwana 28 ba ka leƙa ba kafin ƙasarka ta shuɗe, kuma in ka dawo kana iya farfaɗo da ita. Mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa sun ba da kwana 28, mu da muke kwana a duhu mun ba da awa 48. A eRepublik, wani wasan makamancinsa, kowa ya san ranar 5 ga wata ake zaɓen shugaban ƙasa, 15 na shugabannin jam'iyyu, 25 na majalisa, ba mai tashi cikin dare ya matsar da ranar don abokinsa. Mu kuwa mun ɗauko wasan mutane mun zuba masa yajinmu na gida.

Da na huce kaɗan, sai na ga yaron nan ba shi da laifin da ya kai na waɗanda suka yi masa darasi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ina ya ga an mayar da kuɗin fom? Yana kallo a 2022 APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ku buga lissafin da kanku: ma'aikaci zai yi shekara 277 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takarda ɗaya ta miliyan 100. Kuma shekara huɗu kafin nan, a watan Mayun 2018, aka sa hannu a dokar rage shekarun takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, muka yi ta tafi wai an buɗe wa matasa ƙofa. An buɗe ƙofa, an ɗaure kura a zaure. Yana kallo kalmar inkonkulusib ta shiga bakin tsofaffi a Kano a 2019. Yana kallo a watan Fabrairun 2023 aka yi alkawarin ɗora sakamakon rumfuna a intanet nan take, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci, aka ce tangarɗar na'ura ce. Yana kallon zaɓen ƙananan hukumomi inda jam'iyyar gwamna ke lashe kujeru kaf, ko ɗaya ba ta zubewa ƙasa. “Ka tafi kotu” ɗin ma ba shi ya ƙaga ta ba, haddace ta ya yi.

Ita kuma wutar da ya yi min gori a kanta, wa ya hana ni? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar shekara da shekaru. An riga an raba mu aji-aji, a watan Afrilun 2024 kuma aka ce 'yan rukunin A za su biya naira 225 kan kowane yunit a ba su awa ashirin, mu na ƙasan layi a ba mu abin da ya saura, in ya saura. A watan Oktoban shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli suka zauna suna kallon juna. A watan Janairun 2025 aka amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Fetur kuwa tun 29 ga Mayun 2023 ya yi sallama da talaka, shi ya sa ko mai cajin unguwa ya zama sai ya ga dama. Gwamnati ta ƙwace wutar, ta tsauwala datar, sannan ɗan da ta raina ya zo ya ce ban cancanta ba tunda ba ni da su. Mun gudu daga siyasar ƙasa mun shige cikin waya don mu sha iska, ashe gudun gara muka yi muka tadda zago. Har a mafarkin da muka gina da hannunmu, talaka ɗan kallo ne da tafi.

Mu ma jama'ar guruf ɗin ba na cire mu. Mutum sama da ɗari biyu suka ga jerin nan, suka san ni na rubuta layin farko na tsarin mulkin, ba wanda ya ce uffan. Uku sun biyo ni ta bayan fage suna cewa “wallahi Malam an zalunce ka, amma ka san yanayin”. Wane yanayi? Tsoron kada a cire ka daga muƙamin kwamishinan da ba shi da ko kujerar roba?

Gobe Asabar ne zaɓen. Ɗazu da la'asar wani ya turo min saƙo daga ofishin kamfen na ɗan takarar shugaban ƙasa, wai a manta da abin da ya wuce, ana ba kowane mai ƙuri'a data megabait 500, dattawa irina kuma za a duba mu da gigabait ɗaya da kujerar mai ba da shawara na musamman kan harkar lantarki. Ban ba shi amsa ba tukuna. Cajina saura kashi huɗu, mai walda kuma ya ce yau ba zai tayar da inji ba.