Wata shida ba gwamna a Ribas, mu kuma muna cewa ba ruwanmu

Gwamna Siminalayi Fubara ya koma gidan gwamnati a Fatakwal, dokar ta-ɓacin da Shugaba Tinubu ya ƙaƙaba wa Jihar Ribas tun ranar 18 ga Maris 2025 ta cika wata shidanta ta ƙare, an yi kiɗa da rawa, kowa ya kama gabansa. Da yammacin ranar da aka sanar da ɗage dokar ina zaune a majalisar mai shayin unguwarmu, labarin ya fito a rediyo. Wani dattijo da nake girmamawa ya kaɗa cokali a kofinsa ya ce, "Malam, rigimar Wike da yaronsa ce, sun ɓata sun shirya. Ina ruwanmu? Mu dai Allah ya sauko mana da farashin masara." Yana nufin Nyesom Wike, tsohon gwamnan Ribas kuma ubangidan Fubara a siyasa. Duk wanda ke kan bencin ya gyaɗa kai, aka koma hirar ƙwallo. Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da dokar kanta, domin na ji irinta a bakin malamin jami'a, na ji a bakin ɗan kasuwa, na kuma karanta ta sau ba adadi a Facebook.

Bari mu tuna abin da aka yi. Mutum ɗaya, cikin jawabi ɗaya na talabijin, ya dakatar da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da mataimakiyarsa Ngozi Odu, da dukkan 'yan majalisar dokokin jihar, ya ɗauko tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas ya damƙa masa jiha sukutum. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, wannan ba a musu. Amma ku karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ba za ku ga inda aka ce a cire gwamna ba. Hanyar tsige gwamna tana sashe na 188, kuma a hannun majalisar jiha take. Sashe na 11, wanda ya yarda Majalisar Tarayya ta yi wa jiha doka idan majalisarta ta kasa zama, ya faɗa ƙarara cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya faru bayan kwana biyu. Tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360. Wannan lissafi ne, lissafi kuwa ƙirga shi ake yi. Sai shugabannin majalisun biyu, Godswill Akpabio da Tajudeen Abbas, suka ce masu goyon baya su ce "eh", marasa goyon baya su ce "a'a", aka buga guduma. Da wane kunne ake auna mutum 240? Sanata Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya taɓa riƙe wannan guduma a majalisar wakilai, ya fito ya ce ba a cika adadin ba a majalisar dattawa. Har yau babu wanda zai nuna maka takardar da ke ɗauke da sunan wanda ya amince da wanda ya ƙi. Wakilin mazaɓarka yana cikin zauren ko ba ya ciki, ba ka sani ba, kuma ba ka tambaya ba. Gwamnonin PDP sun kai ƙara Kotun Ƙoli, wata shidan suka shuɗe ba a yanke hukunci ba.

Masu kare matakin suna cewa an fasa bututun mai, an rusa ginin majalisa, gwamna yana aiki da 'yan majalisa ƙalilan, don haka dole a yi wani abu. To a 2013 Boko Haram na kashe mutane a Borno da Yobe da Adamawa, Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci, ya tura sojoji, amma gwamnonin jihohin, Kashim Shettima da Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako, suna kan kujerunsu. Idan yaƙi bai isa dalilin tsige Shettima ba, ban ga yadda rikicin ubangida da yaronsa zai isa ba.

Yanzu ga masu "ina ruwanmu". Dalilin da aka bayar a Ribas shi ne taɓarɓarewar tsaro da rikicin siyasa. Ku ɗauki wannan ma'auni ku ɗora shi a kan Zamfara, ko Katsina, ko Sakkwato, inda 'yan bindiga ke karɓar haraji a hannun manoma kafin su bar su su shiga gona. Ku ɗora shi a kan Kano mai sarakuna biyu da shari'o'i a kotuna. Wace jiha ce a Arewa ba za a iya samo mata hujja ba ranar da Abuja ta ga dama? Obasanjo ya fara da Joshua Dariye a Filato a 2004, ya maimaita a Ekiti a 2006, kuma da waɗannan ne masu kare Tinubu suka riƙa kafa hujja a 2025. Wanda zai zo gobe da Ribas zai kafa tasa hujjar. Hausawa sun gama magana tuntuni, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san amsar da za a ba ni: dimokuraɗiyya ba ta cika ciki, talaka mai neman na cefane ba shi da lokacin sashe na 305. Ba na raina yunwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kowane gida ya ji a jikinsa. Amma wannan magana ta juya gaskiya ne. Abin da ya sa ake iya yanke irin wannan hukunci a kanka ba tare da shawararka ba shi ne an tabbatar ba za ka iya hukunta kowa ba. Ƙuri'arka ce kaɗai abin da mai mulki ke tsoro a hannunka. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2019 sun koma wajen kashi 35. A 2023, cikin mutum miliyan 93 da ke da rajista, ƙasa da miliyan 25 ne suka fita, kusan kashi 27, kuma da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 aka zama shugaban ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ɗan siyasar da ya ga wannan lissafi ya san ba sai ya gamsar da jama'a ba. Taliya da atamfa da 'yan dubbai ranar zaɓe sun ishe shi.

"Duk kanwar ja ce," in ji su. Ko da gaskiya ne, ɓarawo biyu da ke tsoron juna sun fi maka ɓarawo ɗaya da ba ya tsoron kowa. Gwamnan Delta ya kwashi jam'iyyarsa ya shiga APC a Afrilun 2025, na Akwa Ibom ya bi shi a Yuni, sanatoci na ta tururuwa. A jihohi kuma babu mai wanke hannunsa: zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoba 2024, NNPP ta cinye 44 cikin 44 a Kano, APC ta cinye 23 cikin 23 a Kaduna, kuma magoya bayan kowacce suka yi murna suna zagin ta maƙwabta. Wanda ya tafa wa wannan a jiharsa ya rage wa kansa bakin kuka a kan Ribas.

Masu cewa gara soja kuwa, su leƙa Nijar. Janar Tiani ya kifar da Bazoum a Yulin 2023, a Maris na 2025 ya rantsar da kansa na shekara biyar ya rusa jam'iyyu gaba ɗaya, Bazoum kuma yana tsare ba shari'a. Mu da muka ga jam'iyyu biyar sun tsayar da Abacha shi kaɗai a 1998 bai kamata a koya mana wannan karatu ba.

Ƙarya mafi girma ita ce cewa magana ba ta da amfani. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, yawancinsu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa. Duk mun ga bidiyon: yara ramammu, ƙasusuwan wuya a waje, wasu sun zube a ƙasan kotu suna murƙususu, lauyoyi na ɗaga su, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Wata uku suna tsare ba wanda ya damu. Da hoton ya fita, malamai suka yi magana, gidajen rediyo suka ɗauka, waya ta cika da Allah-wadai, cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Haka a Mayun 2006, da aka riƙa nuna muhawarar ta-zarce kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallon bakinsa, shirin wa'adi na uku ya mutu a zauren. Gwamnatin nan tana jin magana idan ta yi yawa. A kan Ribas ba ta ji komai daga wajenmu ba saboda ba mu ce komai ba.

Kuma abin kunya ne wannan shiru ya fito daga ƙasar Malam Aminu Kano. Talakawan NEPU da aka ɗaure, aka yi wa bulala a kotunan alƙalai, Hajiya Gambo Sawaba da ta sha shiga kurkuku, sun fi mu talauci nesa ba kusa ba, ba su da waya, yawancinsu ba su yi boko ba. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, kuma wasu ne suka sha duka kafin a kai nan.

Ba na kiran kowa ya hau titi. INEC ta buɗe rajistar masu zaɓe a watan Agustan 2025, wanda ba shi da kati ya je ya yi. Malamanmu da ke cika masallatai da wa'azin zaɓe idan lokaci ya matso su fara tun yanzu, su faɗa wa mutane cewa amana ta haɗa da bin diddigin wanda ka zaɓa. Majalisa ta daina yanke manyan hukunce-hukunce da ihu, a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa. Shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyonmu, da sojojin baka suka mayar dandalin habaici, su gayyato 'yan majalisar tarayya ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na riga na aika wa nawa wakilin saƙo ta ofishinsa na mazaɓa, tambaya ɗaya ce a ciki: ranar 20 ga Maris kana cikin zauren, kuma "eh" ka ce ko "a'a"? Zan sake aikawa mako mai zuwa, kuma zan karanta amsar a majalisar mai shayin nan idan ta zo.