Kan da aka sare a Landan, me ya kai shi Boleskine?

Sau uku a mako guda aka turo min bidiyon nan a WhatsApp: kangon wani gida a bakin tafkin Loch Ness na ƙasar Sukotlan, ga kiɗa mai tayar da tsigar jiki, ga muryar wani saurayi yana rantsuwa cewa duk Turai babu gidan da ya kai shi fatalwa. Gidan Boleskine ke nan. Tun da aka kama aikin sake gina shi bayan gobara biyu, da wuya jaridar Birtaniya ta ambace shi ba ta laƙaba masa "gidan matsafi" ba. Yanzu kuma namu masu kwaso tarkacen intanet sun ɗauko zancen, sun zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin miya.

Mu fara da labarin da suka fi so. Wai cikin dare ana jin kan mutum yana gangarawa a barandar gidan, kuma wai kan Lord Lovat ne. Shi dai Simon Fraser, wato Lord Lovat, shugaban zuriyar Fraser ne, an kuma sare masa kai da gaske a shekarar 1747 saboda ya goyi bayan tawayen da aka murƙushe a fagen yaƙin Culloden na Sukotlan a 1746. Shi ne mutum na ƙarshe da aka yi wa irin wannan hukunci a Birtaniya, yana tsoho mai kimanin shekara 80. Amma a Landan aka sare kan, ɗaruruwan kilomitoci daga tafkin. Gidan kuwa ɗansa Archibald ne ya gina shi, kuma ko masu kai shekarunsa can baya ba sa wuce shekarun 1760. To kan da ba shi da ƙafa ne ya yi wannan tattaki, ya zo ya tare a gidan da mai shi bai taɓa gani ba? Haka nan wani labarin da suke bayarwa, na cocin da wai ya ƙone da masu ibada a filin da aka gina gidan. Masu ba da labarin ba sa kawo shekara, ba sa kawo sunan mamaci ko ɗaya.

Wanda ya shafa wa gidan kashin kaji shi ne Aleister Crowley, wani matsafi ɗan Ingila. Ya saye shi a 1899, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da kuɗin gadon da danginsa suka tara a sana'ar giya. Wurin da babu idon jama'a yake nema don wani tsafi na wata shida, da ƙofa mai kallon arewa da dandamalin da aka shimfiɗa wa yashin kogi. Bai ƙarasa ba ya tafi Faris, daga nan aka ce ai ya kira abubuwa bai sallame su ba. Ya rabu da gidan a 1913. Mutumin da jaridun Ingila suka yi wa kirari da mugun da ya fi kowa a duniya, a gidan haya ya mutu a garin Hastings a 1947, ba kuɗi, ga jarabar ƙwaya. Boka ne mai son a san da shi, irin wanda ko a nan mun saba gani: shi ke yaɗa labarin hatsabibancinsa da bakinsa, jama'a su taya shi talla kyauta. Da makaɗin jitar nan Jimmy Page ya sayi gidan a farkon shekarun 1970 saboda sha'awar Crowley, sai tallar ta samu lasifika. Shi Page ɗin kansa bai cika kwana a ciki ba har ya sayar a 1992. Iyalin da suka karɓa daga hannunsa masaukin baƙi suka mayar da shi na kusan shekara goma, kuma matar gidan ta ce ba ta taɓa ganin komai ba. Wannan ba ya shiga bidiyo, don ba ya sa a danna.

Za a ce to ka musanta aljanu ke nan? A'a, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma bai ce mamaci yana baro barzahu ya dawo yana wasa da kansa a zaure ba. Masu cewa ai labarin na kawo 'yan yawon buɗe ido kuwa, ban ga abin tsayawa amsa musu ba. Ƙarya ma tana da kasuwa.

Gobarar ma da ake jingina wa la'ana a dube ta. Ta farko ta tashi a Disambar 2015, babu kowa a gidan. Ta biyu a ƙarshen Yulin 2019, kuma 'yan sanda sun ɗauke ta a matsayin wutar da aka cinna da gangan. Aljanin da ke yawo da ashana dai ɗan Adam ne. Na san irinsa. A unguwarmu akwai wani kango da muka taso muna gudun wucewa ta gabansa bayan magariba, don ana jin nishi a ciki. Ranar da magada suka sasanta aka ɓalle ƙofar, abin da aka tarar mujiya biyu ne, da tabarma, da tulin kwalaben maganin tari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihin da wannan hayaniya ta danne. Bayan Culloden gwamnati ta ƙwace filayen Lovat, aka haramta wa mutanen tsaunukan Sukotlan tufafinsu na gargajiya, daga baya masu filaye suka riƙa tashin ƙauyuka don su samu wurin kiwon tumaki. Archibald da ya gina gidan ya yi wa Birtaniya aikin ƙaramin jakada a Tarabulus da Aljiyas, Tarabulus ɗin nan da ayarin fataken Kano da Borno ke sauke kaya. 'Ya'yansa maza biyar duk sun riga shi rasuwa kafin shi ma ya bi su a 1815. A maƙabartar da ke ƙasa da gidan akwai wani ɗan ɗakin dutse da aka gina don gadin sababbin gawawwaki, saboda a wancan zamani ɓarayi na tone kabari su sayar wa makarantun likitanci. Kusa da nan, a ƙauyen Foyers, an buɗe masana'antar narka alminiyam a 1896 da lantarkin da ake samu daga ruwan da ke zubowa daga tsauni, tana cikin na farko irinta a Birtaniya. Jiragen Jamus sun jefa mata bam a 1941, aka rufe ta a 1967. Wato lokacin da Crowley ke shimfiɗa yashinsa, ɗaruruwan leburori na ƙona fuska a gaban tanderu, tafiyar da ba ta kai awa guda a ƙafa ba. Wa ya taɓa yi musu bidiyo?

Ƙungiyar agajin da ta karɓi gidan a 2019 ta ce tarihi take son tsarewa, na kuma yarda ta yi aiki. Sai dai ita ma ta taɓa zuba ƙonannun katakai da duwatsun gidan a jaka tana sayarwa don tara kuɗin gyara, kuma ba don Archibald Fraser masu saye suka zaro kuɗinsu ba. In da ni ne, mai shiga ya fara cin karo da labarin Culloden da na Foyers, Crowley a ba shi ɗaki ɗaya can ƙurya. Namu masu fassara kuma su riƙa duba shekaru kafin su kunna makirfo.

Da bidiyon ya shigo karo na uku, na rubuta a zauren WhatsApp ɗin cewa wa ya san wanda ya gina gidan. Mutum sama da ɗari ne a ciki. Amsa ɗaya na samu, daga wani ƙanena: "Yaya, ka dai yi addu'a kafin ka kwanta."