Man arnika, farar shadda da jar akuya

Tunda 'yan fada sun riga sun kai labarin har unguwannin Ɗan Gulbi da Ali Ɗan Sofo a nan Maradi, kowa na ƙara nasa gishirin, gara ku ji daga bakin mai shi. Ban yi ihu ba, salati na yi da ƙarfi. Kuma akuya ɗaya ce, ba uku ba.

Abin ya faro lokacin kokowar takobi. Muna kallo a tele, jini ya motsa, na ce wa ɗan ƙanwata ya taso in nuna masa yadda ake kaye a zamaninmu. Yaron da aka raɗa wa suna a gabana. Ya ce, "Kawu, a bari." Na ce ba a bari, kamar ni ne gwarzon kokowa Issaka Issaka. Sauran kun sani. Baya ya riƙe, kwana uku ina salla a zaune.

Ƙanena na Faransa ya ji, ya aiko mini da wata 'yar leda ta hannun wani mai zuwa Yamai. Na buɗe ina zaton ƙwayoyi ne, sai na tarar da busasshen fure ruwan ɗorawa, kamar abin da ake sharewa a ƙofar gida. Sunansa arnika. A kan duwatsun Turai masu sanyi yake fitowa, irin su Alpes da Vosges, kuma in ji shi da wuya ka shiga gidan Bafaranshe mai yara ba ka tarar da man shafawarsa ba, don yaro na buga goshi shi ake lakatowa. Ya turo saƙon murya na minti shida a WhatsApp. A zuba furen a kwalba zuwa rabi, a malala mai har ya rufe shi, a toshe, a riƙa girgizawa kullum, sati huɗu zuwa shida, sannan a tace. Kada ruwa ya taɓa shi ko ɗigo, zai yi funfuna. Kada a shafa inda fata ta yage. Ya maimaita sau uku cewa ba a sha, saboda akwai wani sinadari a ciki, helenalin, shi ke kwantar da kumburi a waje, shi ne kuma guba in ya sauka ciki. A ƙarshe ya ce, "Yaya, man zaitun za ka sa."

Nan ne na yi nawa wayon. Na tambayi kuɗin man zaitun a kanti, na ajiye kwalbar a hankali kamar ƙwai, na fito. Ni ɗan Maradi, garin da gyaɗa ta gina, in tsaya sayen man Turawa? Na wuce wurin tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta bayan masallaci, ta cika mini kwalba da wanda ta matse a ranar, da ɗuminsa da ƙamshinsa. Ban tsaya na yi tunanin me ya sa Bature ya zaɓi man da ba ya tashi a hanci ba.

Sati shida ina girgiza kwalbar mayonez safe da yamma. Bayan nawa kuwa ya warke tun kwana na tara, da ruwan zafi da man kaɗen uwargida, abin da har yau take tuna mini duk lokacin da aka yi baƙi. Sau ɗaya na shigo na tarar ta ɗauko kwalbar za ta tsiyaya a kwaɗon zogale, wai nata ya ƙare, ai duk man gyaɗa ne. Ranar na rubuta GUBA a jiki da manyan baƙaƙe, na zana ƙoƙon kan mutum, autata ta duba ta ce, "Baba, kabewa ce?" Daga nan kwalba ta koma akwati mai kwaɗo. Ranar tace man kuma da ɗankwalin uwargida na tace, wanda ashe na biki ne. Wannan shari'a daban ce, ba a gama ta ba.

To ga mai ya fito, kamar zinariya, ga shi babu ciwo. Kullum sai in zauna a fada in bi mutane da ido, in tambaya ko akwai mai jin wuya ko gwiwa. Kowa lahiya lau. Mutanen da ba sa rabo da kukan baya, ranar da aka samu magani duk suka zama 'yan ƙwallo. Sai jajibirin ɗaurin auren 'yar maƙwabcinmu, muka yi ta ɗibar bencina, na ji kafaɗa ta ɗan riƙe. Wallahi daɗi na ji. Da asuba na buɗe akwati. Ƙanena cewa ya yi a lakato kaɗan a murza. Ni na tara tafin hannu na zuba, kafaɗa, wuya, gadon baya har ƙugu, na ɗora farar shaddata ta Salla a kai.

Sanyi ya riga ya wuce a lokacin, ƙarfe takwas rana ta fara cizo. Na samu wuri a tabarma ta biyu, na jingina da bangon laka, waliyyai na gaba ana maganar sadaki. Na kusa da ni ya ɗan shaƙi iska ya waiga. Na bayansa ma ya waiga. Ni ma na waiga, don kada a gane.

Sai Baba Majo.

Ku da kuka san shi kun san ba ya iya raɗa. Shekaru ya yi yana kiran sunayen marasa lahiya a barandar likita, muryar ta zauna haka, ko gaisuwa zai yi sai an ji a layi na gaba. Wannan mutumin tun daminar bara ya ari tsanina, wai zai gyara indararo na kwana ɗaya. Na aika yaro sau huɗu. Na farko aka ce yana barci, na biyu aka ce ya tafi Tibiri, na uku aka ce wani ya ara a wurinsa, kamar nasa ne da zai bayar. Na huɗu shi da kansa ya fito ya ce wa yaron, "Ka ce ma ubanka tsanin nan ƙafa guda ta fi guda, zai kashe mutum." Tsanin da na yi shekara bakwai ina hawa. Kuma duk wanda ya wuce ƙofar gidansa yana hango shi a jingine, an shanya barkono a kan matakalar. Duk da haka kullum sai na rusuna na ce Baba ina kwana, saboda shi ya yi mini kaciya, kuma shi ma bai manta ba, ya kan faɗa a cikin mutane.

Shi ne ya ɗaga hanci sama, liman na shirin fara addu'a, wuri ya yi tsit, ya ce, "Wai wa ya taho da ƙuli-ƙuli cikin aljihu?"

Ban motsa ba. Amma a daidai lokacin na fara jin tafiya a bayana. Kiyashi ne suka gangaro daga bangon, layi guda, ta wuyan riga. Da kiyashi kaɗai ne da na daure. A cikinsu akwai cinnaka, wanda aka ce bai san na gida ba, ya samu tsakiyar baya, inda hannu ba ya kaiwa, ya kafa baki. An ɗaga hannuwa ana amin. Ni ma hannuwana a sama, ina amin, ina goga baya da bango a hankali kamar jaki a gindin bedi. Duk gogawa ɗaya, jar ƙasar bangon na mannewa a man da ya riga ya huda shadda. Ban sani ba a lokacin. Daga baya aka nuna mini hoto: tun daga kafaɗa har ƙugu taswira ce, wani ɗan lakwal ma ya ce ta yi kama da ta Nijar, har da wajen Bilma.

Na ɗan matsa gaba don in rabu da bangon. Kuskure na biyu ke nan, don na buɗe hanya. Sai na ji wani abu mai ɗumi da kaushi ya shafi ƙeyata. Na ɗauka hannun wani dattijo ne ke sa mini albarka. Aka sake shafawa, da tsawo wannan karon, har cikin kunne. Jar akuya ce, irin tamu ta Maradi da ake yabon fatarta har Turai, ta zagayo ta bayan bencina ta sa harshe. Na ture ta da gwiwar hannu, ta dawo. Na sake turewa, ta kama wuyan rigar, daidai wurin aikin da tela ya caje ni jika biyar, ta fara tauna tana kallon jama'a hankali kwance. Sanƙira ya buɗe baki zai ce an ɗaura, ya hango mu, maganar ta maƙale. Na miƙe, akuya ba ta saki ba, muka yi taku uku tare, ni gaba ita baya, goro da dabino na zubewa. Nan ne na yi salatin da ake cewa ihu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin wannan hali tunanin guba ya faɗo mini, na juya ina cewa, "Ku riƙe ta, ba a sha! Ba a sha!" Mutane ba su san da zancen arnika ba. Abin da suka gani kawai, magidanci da mai a baya yana yi wa akuya gargaɗi. Baba Majo ya ce, "Yaro, in ba a sha, don mi ka soya kanka?" Har liman sai da ya sa gefen rawani a baki.

Akuyar dai ba abin da ya same ta, na je na duba da yamma, mai ita ta tambaye ni ko sayenta zan yi. Mai wanki ya juya shaddar gaba da baya ya ce sai dai a kai ta marina. Ƙanena da na ba shi labari sai da waya ta katse don dariya, da ya sake kira ya ce da dare ake shafawa, a sa tsohuwar riga, wai ya faɗa a minti na biyar. Kafaɗar ta saki, amma ko man ne ko tsallen da na yi ne, oho.

Shekaranjiya Baba Majo ya aiko jikansa da 'yar kwalbar turare, wai a ɗan tsiyaya masa na gwiwa. Na ce wa yaron ya je ya dawo. Na leƙa ɗazu, yanzu kuɓewa ce a shanye a kan tsanin.