Don Allah ku daina hana mai kitsen hanta cin nama da ƙwai

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina a rai, yau dai sai na faɗe ta. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana fama da suga ga tumbi, da aka yi masa sikanin aka ce kitse ya taru masa a hanta har ta fara tauri. Tun daga ranar gida ya yanke hukunci, ba nama ba ƙwai ba kifi, ko wake aka dafa sai a ce a'a ya yi masa nauyi, koko ne da ɗan tuwo shikenan. Wallahi duk cikin ƙauna muka yi, amma muna kallo damatsansa suka zama kamar kara, cinyoyi suka zube, cikin kuma yana nan, tashi daga tabarma sai an kama shi. Sai daga baya na gane abin da muka hana shi shi ne jikinsa ya fi buƙata.

Kun san zarnin nan na fitsarin da ya kwana? To ammoniya ce. Jikinmu yana samar da ita kullum, yawanci a hanji, inda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafa ragowar abinci mai gina jiki, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwa. Hanta ce ke kama ta ta mayar da ita yuriya, eh irin wadda ke cikin buhun taki, ƙoda ta fitar a fitsari. Tun 1932 wasu masu bincike, Hans Krebs da Kurt Henseleit, suka gano wannan a Jamus. Matsalar ita ce idan kitse ya cika hanta wannan aikin yana raguwa tun ma kafin ciwon ya yi nisa.

Wa ke kawo ɗauki? Tsoka. Naman jikin nan na cinya da damtse shi ke zuƙe ammoniyar ya ɗaure ta ta koma wani sinadari da ake kira gulutamin, wanda ba ya cutarwa. Amma fa ba kyauta take yi ba, tana ƙone sinadaran da ya kamata ta gina kanta da su, sannan ita ammoniyar tana tayar da wani abu da ake kira mayostatin wanda birki ne, yana hana tsoka girma. Kun ga kenan hanta ta gaza, tsoka ta karɓi kaya tana ramewa, tana ramewa ammoniya na ƙaruwa, mu kuma a lokacin muka janye mata abinci. Kuma kar ƙiba ta ruɗe ku, mutum zai iya zama ƙato amma kitse ya ratsa cikin tsokarsa, ba ƙarfi ko kaɗan.

In abin ya kai ƙwaƙwalwa sai ka ga mutum yana barci da rana dare ido biyu, yana sambatu, hannu na karkarwa. Mu cewa muka yi tsufa ne, wasu suka ce iska. Wannan alama ce ta a garzaya asibiti, akwai magani irin Lactulose da ke sa a yi bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana don ammoniyar ta fita.

Gaskiya da can likitoci ma sun yi ta hana furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin su nama da ƙwai da kifi da wake, amma an bar wannan tuntuni. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta 2019 cewa ta yi wanda hantarsa ta yi tauri ya ci giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 kenan giram 72 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ne kawai, ku lissafa ku gani ko koko zai kai shi. Kuma kar ya kwana da yunwa, domin dare ɗaya babu ci a wajensa kamar mai lafiya ne ya yi kwana 2 ko 3 bai ci ba. Ɗan kindirmo ko awara ko ƙosai kafin ya kwanta yana da amfani sosai. Mai ciwon ƙoda dai lissafinsa daban ne, ya tambayi likitansa.

Shi kuma wanda kitse ne kawai bai yi nisa ba, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana gyara hantar sosai, amma lemon kwalba da zoɓo mai suga da shayi cokali huɗu za ka yanke, ka rage tulin shinkafa, ka bar wake da kifi a kwanonka, ka yi tafiya, ka ɗaga abu mai ɗan nauyi. Yunwa tsokarka za ta ci tare da kitsen.

Har yau in na tuna yadda Kawu ke bin kwanon nama da ido ranar Babbar Sallah muna ce masa ka yi haƙuri Kawu don lafiyarka ne, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.